Babur ɗin daji: a zaɓe shi da tunanin ranar da zai lalace

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin matasanmu a ƴan shekarun nan. Ana jin ta a fada wajen shan shayi, ana jin ta a tashar ƴan kabu-kabu, tana kuma yawo a zaurukan WhatsApp: wane babur ne ya dace da mutumin da zai yi doguwar tafiya inda kwalta ta ƙare? Masu tambayar ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai haramar zuwa wuraren haƙar zinariya na arewacin Agadas. Akwai dillalin dabbobi da ke bin kasuwanni daga Abalak zuwa Ingal. Akwai malamin asibiti ko na makaranta da aka tura wani ƙauye can bayan Gure ko Tasker. Akwai kuma wanda Allah ya hore masa, sha'awar ganin ƙasa ce kawai take jansa. Amsar da aka fi ba su guda ce: sayi mai ƙarfi, mai babban inji, wanda in ka murɗa shi ƙasa za ta san an taka ta.

Ni dai ban yarda da wannan amsa ba, ina ma ganin tana jefa mutane cikin asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai. Na yi shekaru ina aikin karkara a kan babur tsakanin Damagaram, Tanut da Gure, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne, babur ɗin daji ana zaɓensa ne da tunanin rana biyu: ranar da zai faɗi da kai a cikin rairayi babu kowa kusa, da ranar da zai mutu maka nesa da gari. Kowane babur lafiyayye ne ranar da aka fito da shi daga kanti. Wanda zai fid da kai a waɗancan ranaku biyu shi ne naka, ko da kuwa ba ya ɗaukar ido.

Bari mu fara da fayyace abin da muke magana a kai. Akwai babur ɗin gari, irin wanda ƴan kabu-kabu ke neman abinci da shi. Akwai na tsere zalla, wanda ba fitila ba lamba. A tsakaninsu akwai na uku, wanda aka ƙera don ya ci kwalta ya kuma ci daji: dogo ne, cikinsa ya ɗaga daga ƙasa, tayarsa mai ƙuraje, ƙafar gaba ta fi ta baya girma. Mu nan kuros muke ce masa, dattawa kuma kowane irinsa DT suke kiransa, saboda Yamaha DT 125 da malaman gona da malaman dabbobi da ma'aikatan furoje suka daɗe suna yawo a kai. To amma a ƙarƙashin wannan suna guda akwai mai nauyin kilo 120, akwai mai kilo 260. Kama da wane ba ta wane.

Sha'awar manyan baburan nan tana da tushe, tushen kuwa a ƙasarmu yake. A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace a kan babur a hamadar da ke tsakaninmu da Libiya, lokacin wani tsere da ya taso daga Abijan. Da ƙyar aka tsinto shi da rai. Daga nan ne ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar, wanda ya tashi a ƙarshen Disamban 1978 ya ratso ta Agadas da Yamai, kuma wanda ya lashe shi, Cyril Neveu, Yamaha XT 500 ya hau. A 1983 Yamaha ta fito da wani babur mai ƙaton tanki ta raɗa masa suna Tenere, har gobe kuma sunan hamadarmu na nan manne a jikin baburan da ake sayarwa a Turai da Amurka. Abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai yaron da ke kallon tseren a wayarsa mutum guda yake gani yana keta tudun rairayi. Ba ya ganin abin da ke biye da mutumin: jirgi mai saukar ungulu, likitoci, manyan motoci maƙare da kayan gyara, da makanikan da ke duba babur ɗin kowane dare. Kai da za ka tashi daga Tanut ka nausa daji, wa ke biye da kai? Allah, sai sifanar da ke cikin jakarka.

Abu na farko da nake so mai saye ya auna shi ne nauyi. A cikin rairayi kowa na faɗuwa, gwani da ɗan koyo, bambancin kawai sau nawa ne. Yamaha Tenere 700 na zamanin nan, in an cika masa mai, ya ɗan haura kilo 200. Babban BMW GS Adventure ya doshi kilo 270. Irin su Yamaha AG 200 da Honda XR 150 kuwa wajen kilo 130 suke. Yanzu ɗora kayan tafiya. Bido na mai lita 20 kilo 15 ne, bido na ruwa lita 20 kilo 20 ne, ga kayan gyara, ga guzuri, ga bargo. Kilo 50 ke nan sun ƙaru kafin kai kanka ka hau. Mafi girman ya koma buhun gero uku masu kilo ɗari-ɗari, ƙaramin kuwa bai cika buhu biyu ba. Faɗuwa ta farko za ka ɗaga babban da ƙarfin zuciya. Ta biyu da ƙyar. Ta biyar kuwa, da azahar ɗin watan Mayu, zafi ya kai digiri 45, ƙafarka na nutsewa cikin rairayi, sai dai ka zauna kana kallonsa yana kallonka. Kowace ɗagawa gumi ce, gumin nan kuma ruwan bidonka ne ke tafiya. Balle a ce ya danne maka ƙafa, salansa mai zafi a kan ƙwabri, babu mai janye shi.

Saboda haka nake ba mai saye shawara, kafin ya ƙirga kuɗi, ya roƙi mai babur a kwantar da shi a hankali a kan tabarma, ya ɗaga shi shi kaɗai sau uku a jere. In na uku ya gagara a tsakar gari, da inuwa da ruwan sanyi kusa, to a daji babu magana. Ya kuma hau ya ga ko ƙafarsa na dira ƙasa sosai. Kujerar manyan nan takan kai santimita 87 daga ƙasa ko fiye. Mutumin da ke tsayawa a kan ƴan yatsu a kwalta, in ya shiga gurbin tayar manyan motoci sai ya nemi ƙasa ya rasa.

Abu na biyu, wa zai gyara shi? A nan akwai wani tarihi da ya kamata a sani. A tsakiyar shekarun 1970 Honda ta fito da CG 125, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake labta wa babur kaya fiye da ƙima, ba a kuma canza masa baƙin mai sai ya tsaya. Sai suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure wannan riƙon sakainar kashi. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwanninmu, a kan wannan inji aka kwaikwayo su. Abin da haka ke nufi gare ka shi ne, yaron makaniken da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro a Belbeji ko Dakwaro zai kwance maka irin wannan inji ido rufe. Buji, fistin, ringi, sarƙa, wayar birki, duk suna nan baje a kan tebur ranar kasuwa. Akwai ƙananan kuros da aka ɗora a kan wannan inji ko danginsa, kuma a wurina wannan dangantaka ta fi kowace kwalliya daraja.

Babban babur na zamani kuwa kwamfuta ce ke raba masa mai. Yana da famfon lantarki a cikin tanki, da na'urorin auna iska da zafi, da radiyeta mai ruwa. Gaskiya ɗaya ce, ba su cika lalacewa ba, ƙirarsu ta fi ta ƙananan inganci nesa ba kusa ba. Amma ranar da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya tsaya, makaniken ƙauye sai dai ya tafa hannu ya ce maka sannu. Na'urar da za ta gano ciwon tana babban birni, in ma akwai ta, abin da za a canza kuma sai an yi odarsa daga waje. Kowa ya san yadda shigowar kaya ta koma tun bayan 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakoki da ya biyo baya, da yadda kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Na taɓa ganin wani ƙaton babur ɗan Turai a wani garaji a Damagaram, ya yi wata da watanni lulluɓe da buhu, kaji na kwana ƙarƙashinsa, saboda wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana girma ba. Mai shi ya yi sa'a ma, a gari ya tsaya masa.

Akwai wani ɗan ƙarfe da masu ƙera manyan babura suka daina sakawa, wato abin tayarwa da ƙafa. A Turai ba a bukatarsa. A nan, zafi da gargada suna kashe batir ba sallama. In batir ya mutu a kan kwalta, abokai su tura ka ya tashi. A cikin rairayi wa zai tura, kuma tayar me za ta kama? Wasu masu kwamfutar ma, in batir ya mutu murus, ko an tura ba su tashi, don famfon mai bai samu wuta ba. Babur ɗin da ba a iya tayar da shi da ƙafa, ni ba na nisa da gari a kansa.

Sai batun mai, wanda ya kasu biyu: irin man da za ka samu, da nisan da zai kai ka. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 muna da man da aka tace a gida, amma gidajen mai kwalta suke bi. Da ka bar ta, sai ƴan ruwa-ruwa da kwalabensu. Man kwalba ya sha juye daga duro zuwa bido, daga bido zuwa kwalba, kuma a kowane juyi ƙura na shiga, wani lokaci har da ruwa. Babur mai kabureta in ya sha irin wannan ya fara tari, sai ka nemi inuwa ka kwance ta ka wanke, cikin rabin awa ka ci gaba da tafiya. Mai famfon lantarki in datti ya toshe shi, magana ta yi tsawo. Ko wane iri ka hau dai, ka riƙa tace man da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki, ka kuma sa a ɗaura maka ƴar matata a kan tiyon mai. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Game da nisa kuwa, kada lissafin kwalta ya yaudare ka. Ƙaramin babur mai inji 150 ko 200 yakan sha wajen lita 3 a kilomita 100 a hanya mai kyau, tankinsa kuma lita 10 zuwa 12 ne. A takarda, kilomita 400 ke nan in tankin mai lita 12 ne. Amma a rairayi mai laushi, da kaya, da ƙaramar giya, da iska a gaba, shan man kan kusa ninkawa, sai ka ga 400 ta koma 200 da ɗoriya. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, kuma wannan babbar hanya ce mai garuruwa irin su Tanut da Aderbisinat. Da ka ratse gabas ko yamma, babu mai ba ka tabbacin kwalba ko ɗaya. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 harkar ruwa-ruwa ta canza, kuma ƙarancin man da aka sha a farkon 2025 ya nuna mana cewa kasuwar da ka saba samun mai tana iya wayar gari babu. Ka raba man da ka ɗauka uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya na ɓatan hanya. A nan ma ƙaramin ya ci riba, don kowace lita tana kai shi nesa fiye da babban.

Mu koma ga ƙafafu. Ƙafar gaba mai inci 21 ita ce sarauniyar daji: tana haye rami da dutse inda ƙarama za ta faɗa, tana kuma riƙe hanya a cikin gurbi. Sai dai tayarta da robar cikinta ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, don baburan gari masu inci 17 da 18 su suka fi yawa. Wanda ya zaɓi 21, ya tafi da robar ciki ta ajiya, ta gaba da ta baya. Ƙafar kuma ta kasance mai wayoyi irin ta keke. Ita in ta daki dutse lanƙwasawa take yi, a buga a miƙe a ɗaure wayoyin. Ta zubi mai ƙyalli tsagewa take, in ta tsage kuwa tafiya ta ƙare a nan. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba su san tsadar taya ba, don haka faci da gam da ƙarafan cire taya da famfon hannu dole ne, kuma ka iya aikin da hannunka. Famfon yana da wani amfanin: a rairayi rage iskar taya ake yi don ta baje ta hau kai, in an fito ƙasa mai tauri a mayar. Wanda ya rage iska ba shi da famfo, dutsen farko zai tsinke masa robar ciki.

Ƙura ita ce mai kisan mummuƙe. A lokacin hunturu, da buji ya turnuƙe sararin sama, inji yana shaƙar abin da kai ma kake rufe hanci da rawani don guje masa. In matatar iska ta yi sake, ƙurar nan sai ta zama kamar takardar goge katako a cikin inji, ta cinye ringi da fistin, babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Ka nemi mai matatar soso, wadda za ka cire ka wanke ka shafa mata mai ka mayar a ko'ina kake. Ta takarda in ta toshe sai sabuwa. Haka sarƙa: mai da rairayi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. Shi ya sa baburan da aka rufe sarƙarsu cikin kwanso, irin AG 200 da Boxer, sarƙarsu kan daɗe. Abin ba kyan gani, amma wanda ya taɓa neman sarƙa a ƙauyen da kasuwarsa sai bayan kwana shida ya san darajarsa.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Na farko zai ce, tafiyar ai ba duka rairayi ba ce, daga Yamai zuwa Agadas sama da kilomita 900 ne, kuma a kan ƙaramin babur sai ƙugu ya gaya maka. Haka ne. In kashi tara cikin goma na tafiyarka kwalta ce, kana da kuɗin kula da shi, kuma ba ka nisa da manyan garuruwa, hau babbanka lafiya, zai fi maka daɗi da sauri. Amma wannan tafiyar kwalta ce da ɗan ratse, ba ita muke magana a kai ba. Ko kwaltar ma, wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit ya san akwai wuraren da sunan kawai ya rage. Gudun kilomita 150 a awa da ka biya kuɗinsa, a ina za ka yi shi? Tsakanin ramuka da raƙuma da jakai? Ai tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Na biyu zai ce, to in haka ne me ya kai mu ga kuros tun farko? Ga Boxer, ga Kasea, ga Haojue, babu lungun da ba su shiga, da mutum uku da buhu a kai. Wannan ma gaskiya ce, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin babur ɗin gari mai lafiya da ƙaton ɗan Turai don zuwa ƙauyen da ba makaniken zamani, na gari zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Wanda hanyarsa jar ƙasa ce, aikinsa ɗaukar kaya ne, ya saka masa taya mai ƙuraje ya ƙarfafa mazaunin kaya, ya wadatar. Inda yake gazawa shi ne duwatsun Abzin, hanyoyin Timiya da Tabelot, da koramu lokacin damina, inda cikinsa ke dukan dutse don ya yi ƙasa da yawa. Sai kuma doguwar gargada, wadda gajeren shok ba ya iya shanyewa, sai ta bi ta jikin ƙarfe har ya tsage, ta bi ta bayan mahayi har ya tsufa da ciwon baya. Jiki magayi. Don haka jerina shi ne: ƙaramin kuros mai injin da kowa ya sani a gaba, babur ɗin gari da aka gyara wa zama a bayansa, babban na ƙarshe.

Na uku zai ce zamani ya wuce kabureta, duniya ta koma kwamfuta, kada mu zama masu ja da baya. Ban ƙi ba, ranar na zuwa, kuma mai kwamfuta ya fi tsimin mai. Amma a fara kawo na'urorin gwaji da kayan gyara garuruwa irin su Tanut da Ngigmi, a koya wa yaranmu aikin a cibiyoyin koyon sana'a, sannan a ce mu hau. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi don kawai an ga raƙumi ya fi tsayi.

Mai sayen na hannu kuma, ya yi hattara da tsohon suna. DT ya yi zamaninsa, mara nauyi ne, mai ƙarfin hawa, amma injinsa irin mai shan man gauraye ne, ya fi ƴan'uwansa shan mai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa yanzu sun gama aikinsu tun a hannun furoje, fenti kawai aka sabunta. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, wanda ba abokin dillali ba. A tayar da shi da sanyin safiya a ga hayaƙinsa. A duba jikin ƙarfen wajen wuya da ƙarƙashin kujera ko an taɓa yin walda. A girgiza ƙafafun a ji ko suna wasa. Kayan gyara ma akwai na ƙwarai akwai jabu, kwali iri ɗaya. Araha ba ta ado, balle a wurin da ba a komawa kanti a yi ƙorafi.

Akwai abin da ya fi ƙarfe muhimmanci a wannan zamani, wato takardu da sanin dokar wurin da za ka. Ƴan bindiga sun mai da babur abin hawansu, shi ya sa hukuma ta hana hawansa a jihar Difa a 2015, ta kuma hana a sassan jihar Tilaberi a farkon 2020. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ma a 2022 ta taƙaita shigo da wasu nau'o'in babura saboda wannan dalili. Dokokin nan suna canzawa daga lokaci zuwa lokaci, daga gunduma zuwa gunduma. Mutum a kan dogon babur, fuska naɗe da rawani, bido biyu a baya, a wurin da bai kamata ba, yana iya gamuwa da abin da ya fi kamu muni. Ka tambayi jandarma ko mai gari kafin ka kama hanya. Takardar duwan, kart giriz, inshora da lasisi su kasance a jikinka cikin leda. Babur ɗin da aka ce maka takardunsa na zuwa daga baya, bar shi, kada ka sayi rigimar wani. Hular kwano kuma ba ta ƴan birni kaɗai ba ce, don a daji asibiti ya fi nisa.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: akwai tafiyar da babu babur ɗin da ya dace da ita in mutum shi kaɗai ne. Daga Agadas zuwa Dirku sama da kilomita 600 ne, kuma ko masu Hilux ayari suke jira. Ba mu manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Allah ya jiƙansu. Mota ke nan mai ɗaukar durom na ruwa, ina ga babur mai bido ɗaya? In tafiyar mai nisa ce, ku zama biyu ko uku, kuma baburanku su zama iri ɗaya, yadda robar ciki ɗaya da buji ɗaya da sarƙa ɗaya za su yi wa kowa, in ɗaya ya mutu kuma a ciri nasa a tayar da wani. Ka gaya wa na gida hanyar da za ka bi da ranar da za su fara nemanka in ba su ji ka ba.

Maganata ta ƙarshe ga ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin da ke saya wa ma'aikatansu babura ce, don su ne manyan masu saye, kuma kuskurensu talaka ke biya. Duk wanda ya shiga harabar ofisoshinmu na karkara ya ga gawarwakin babura jingine da bango, wasu ko shekara biyu ba su yi a hanya ba. An sayo su da bikin miƙa makullai da ɗaukar hoto, ba a sayo kayan gyara ba, ba a ware kuɗin baƙin mai ba, ba a tambayi makaniken garin ko ya taɓa ganin irinsu ba. Kowane mai ba da tallafi da irin nasa, har ka ga ofis guda da babura iri huɗu, babu wanda kayansa ke shiga na wani. Babur ɗin malamin asibiti in ya kwanta, akwatin sanyi na allurar rigakafi ne ya kwanta, rugage ne ba a je ba, mai ciki ce ba a auna ba. Ƙungiyar Riders for Health, da ta yi aiki a ƙasashe irin su Gambiya da Lesotho, a kan wannan darasi ta kafu: ƙananan babura masu sauƙi, dubawa a kan lokaci kafin su lalace, da koya wa mahayin kansa kula da abin hawansa kowace safiya. Babu abin da zai hana mu yin haka. A zaɓi iri ɗaya ga jiha guda, a haɗa kayan gyara da horon makanikai cikin kwangilar, a kuma tuna cewa cikin masu hawan akwai mata, ungozomomi da malaman jinya, waɗanda su ma sai ƙafarsu ta taɓa ƙasa.

Ga matashin da ya tara kuɗinsa da gumi kuwa, kada duka su tafi a kan babur ɗin. Ka sayi wanda ya fi ƙarami kaɗan da abin da zuciyarka ke so, ragowar ka saka a taya mai kyau, da kayan gyara na ƙwarai, da hular kwano, da bido. Ka ba makaniken unguwarku ɗan abin shayi ya bar ka ka zauna wurinsa mako guda, ka cire taya da hannunka, ka wanke kabureta, ka ɗaure sarƙa, ka canza buji. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fada za a yi maka dariya cewa ka sayi ƙaramin abu, ka bar su su yi, ba su za su ɗaga shi a rairayi ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowane matafiyi gidansa lafiya.